Maharbin da Bai Taɓa Ganin Giwa Ba

A garin Lami na ji abin da Sale ya faɗa a kaina. Lokacin mun yi kwana tara da barin Gure, mun ratsa ƙasar Ingilishi ta Yerwa da Dikwa, mun haye kogi, kuma takardar hanyata tana cikin jakar Bature.

Sunana Habu, mutumin wani ƙauye ne ni a ƙasar Gamu. Da damina noma muke yi, da rani kuma in ɗauki baka da kwari in shiga daji, kamar yadda mahaifina ya yi. Barewa nake bi da jimina, wani lokaci har ƙasar Alakos wajen makiyaya. In dabba ta taka rairayi, zan gaya maka ko da asuba ta wuce ko da hantsi, ko kiwo take ko gudu. Iyakar sanina ke nan. Abin da zan ba da labari ya faru shekaru kaɗan kafin babban yaƙin Nasara, bayan fara ta yi mana ɓarna har rumbuna suka zama wofi.

Sale mutumin Damagaram ne, ya daɗe yana aikin boyi a gidajen Nasara har Faransanci ya zauna a bakinsa. Shi ya zo kasuwar Gure yana cigiyar mai bin sawu. Ya ce wani Bature da matarsa za su je kallon namun daji, ba harbi za su yi ba, hoto kawai za su ɗauka, wata biyu a dawo. Ban tambayi wane daji ba. Ni a zatona daji ɗaya ne a duniya. Baturen dogo ne mai yawan magana, shi ke tuƙa kamiyon, babbar motar kaya, da kansa, Mushe kawai muke ce masa, wato Malam da harshensu. Matarsa, Madam, gajeriya ce mai shiru. Ita ce mai akwatin hoton, wani baƙin akwati mai ƙafa uku da take gogewa kullum kamar mai yi wa jariri wanka.

A Lami motar ta lalace, muka zauna a bayan masaukin Nasara ana gyara. Rana ta biyu da hantsi ina zaune a inuwar motar ina ɗinke takalmina, sai sojan da ke gadin ƙofa ya matso ya yi mini sallama da Hausa. Ɗan Tasawa ne, ya ce ya yi shekara bakwai bai ga gida ba. Muka gaisa sosai, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe kai ne sarkin giwar?" in ji shi.

Na ce, "Wace giwa?"

"Maigidanka tun jiya yake cika baki a gaban 'yan'uwansa. Wai ya samo maharbin da babu kamarsa a Damagaram duka. Wai tun kana saurayi kake bin giwa, kana shiga tsakiyar garke ka fito ba su sani ba."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake. Shi bai yi ba.

Na ce, "Wallahi ban taɓa ganin giwa ba. Ko kashinta ban taɓa gani ba."

Ya waiga ya dubi ƙofar masaukin. Can ya ce, "Ɗan'uwa, inda za su kai ka can kudu ne da nisa, kuma don giwa za su. Ka san abin yi tun da wuri."

Na sami Sale a bayan kicin yana wanke kwanoni. Ko kai bai ɗaga ba da na gaya masa.

"To mene ne?" ya ce. "Sawu ai sawu ne. Wanda ya bi na barewa zai kasa bin na abin da ƙafarsa ta kai faifai? Mushe cewa ya yi in ban kawo wanda ya san giwa ba, zai ɗauki wani boyi da maharbinsa. Ni ma ina da iyali, Habu."

"Sai ka je ka gaya masa gaskiya."

"In gaya masa, ya sauke mu nan ni da kai, ba takarda, ba guzuri? Ka san inda ake kai wanda aka kama ba takarda? Aikin hanya. Wa ka ga ya dawo?"

Na koma inuwar mota na ci gaba da ɗinkina. Ba zan ɗora wa Sale laifin duka ba. Ƙaryar tasa ce, amma shirun nawa ne.

Daga Lami muka yi kudu, muna bin kogin Shari har wani gari da ake kira Arshambo. Kullum ƙasa tana sakewa. Rairayi ya ƙare, aduwa da goruba suka ɓace, itatuwa suka riƙa tsawo suna matsowa hanya. A gida na saba in hau tudu in hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. A nan taku ashirin ne iyakar ganina, sai na riƙa jin kamar an kifa mini ƙwarya a kai. Garin geron da matata Zara ta daka mini ya ƙare, muka koma cin rogo safe da yamma, cikina ya ƙi karɓa. Tsando kuwa ta cikin riga yake cizo. A wani mashigin ruwa motar ta kafe, ni da Sale da mutanen wani ƙauye muka wuni cikin taɓo muna tura ta. Da muka fito, wani mutum da ban ji kalma ɗaya ta harshensa ba ya zaunar da ni, ya ciro mini matsattsaku daga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa mini toka. Na yi masa godiya da Hausa, ya amsa da nasa, muka rabu.

Gari na ƙarshe kafin dajin shi ne Ndele, a gindin wasu duwatsu. Na shiga kasuwa neman ko da tafin hannu na gero, ban samu ba. Haushi ya sa na yi ƙunƙuni da Mangaci, harshen uwata. Sai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta saki mudun da ke hannunta.

"Wushe," ta gaishe ni da Mangaci. "Ɗan wa ne kai? Daga ina?"

Sunanta Ya Fanna, mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Maine. Tun tana amarya suka taso da mijinta za su Makka da ƙafa, hanya ta karkato da su nan, mijin ya rasu, ba ta sami wanda zai mai da ita gida ba. Ta ja ni zuwa bukkarta. A bayan bukkar tana shuka ɗan gero, layi kaɗan, don kanta kawai. Ta dama mini kunu da shi, ta zauna tana kallona ina sha. Ta tambaye ni ko har yanzu ana haƙar kanwa a tafkunan Gidigir, ko dabinon wurin yana nan. Na ce duk suna nan. Ta yi ta share ido da gefen zane.

Ban san abin da ya sa ba, sai na gaya mata komai.

Ta ce, "Ɗana, ka faɗa musu tun ba ku shiga ba. Na ga an fito da gawar mutane daga dajin can, waɗanda aka haifa a cikinsa ma."

Na ce to. Na fito da niyyar yi, amma da na hango Mushe a bakin mota yana yi wa wani faɗa, sai na ce gobe. Gobe ta zo muka shiga daji.

Dajin nan gwamnatin Faransa ce ta hana shi, ba a noma, ba a harbi, ba a ko ɗana tarko. A bakinsa akwai ɗan bariki mai bukkoki kaɗan, da wani Bature mai kula da wurin, da gardawansa masu gadin dajin. Suka karɓe bindigar Mushe suka kulle a ɗaki, suka karɓe bakana da kwarina. Baturen dajin ya ce dole mu tafi da mutuminsa ɗaya. Mushe ya nuna ni yana cewa yana da nasa, amma doka ta fi shi. Haka aka haɗa mu da Yakota, wani tsoho siriri, ba takalmi, da sanda a hannu da 'yar jakar toka a wuya. Aka ba mu masu dako, muka yi tafiyar kwana biyu da ƙafa, muka kafa zango kusa da kogi.

Safiyar farko aka sa ni gaba. Na dubi ƙasa, na ga marmara ja da busasshen ganye. Babu abin da ƙasar nan ta gaya mini. Na yi ta tafiya ina sunkuyawa kamar mai gani, zufa tana bin bayana. Muka wuce wata bishiya da ɓawonta ya ɗaye, ban ko kula ba. Sai Yakota ya yi tari. Ya taɓa wurin, ya shinshina yatsunsa, ya dube ni. Ina jin ɗan Larabcin Shuwa da na tsinta wajen masu raƙuma, shi ma yana ji, da shi muka yi duk maganarmu.

Ya matso ya ce a hankali, "Giwa ce. Kai ba ka san ta ba."

Ba tambaya yake yi ba. Na ce, "Ban san ta ba, Baba."

Ya waiga ya dubi Nasara suna tahowa a baya, ya sake dubana, ya gyaɗa kai. Daga ranar ya riƙa tafiya dab da kafaɗata ta hagu. In zan karkata, sai ya nuna mini da ƙasan sandarsa, inda idon Bature ba ya kaiwa. Ni ne a gaba, shi ne ke ja.

Kwana tara muka yi haka. Muka ga ɓauna garke guda, baƙi ƙirin kamar an ƙona wurin. Muka ga raƙumin dawa yana cin ganye daga saman bishiya, da dorina a cikin ruwa, da gwanki. Rana ta huɗu da la'asar Yakota ya taɓa ni da sanda, na duba hayin kogi, na ga wani dutse mai launin toka. Dutsen ya kaɗa kunne. Sai da na riƙe bishiya. Na yi ta karanta abin da na iya a zuci, ga Mushe yana dukan kafaɗata yana murna, yana nuna wa Madam ni. Da muka koma zango ya ba ni taba kulli guda. Na kai wa Yakota, ya karɓa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Madam ta ɗauki hoton giwayen daga nesa, amma bai ishe ta ba. So take a kai ta kusa. Ana saura kwana biyu mu tashi, sai ƙaya ta soki Yakota a tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura har ba ya iya taka ta. Mushe ya duba, ya wanke masa da magani, sannan ya ce ba komai, ai Habu yana nan, gobe za a je kusa.

Da la'asar na tafi gaban tantinsu, na sa Sale ya tsaya.

Na ce, "Ka gaya masa ban taɓa ganin giwa ba sai a nan. Ka gaya masa tsohon nan ne ke nuna mini hanya tun ranar farko. In na kai su gobe, ban san abin da zai faru ba."

Sale ya juya ya yi magana da Faransanci, doguwa, har da hannu. Mushe ya ƙyalƙyale da dariya, ya tashi ya dafa ni. Daga baya na ji abin da Sale ya ce, wai na yi alkawari gobe zan kai su har su taɓa wutsiya. Na gane an juya maganata. Na nuna idona, na nuna daji, na girgiza kai, na yi ta maimaitawa. Mushe ya ƙara dariya ya shige tanti. Madam dai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sunkuya ta ci gaba da goge akwatinta.

Na koma wurin Yakota, yana kwance ƙafa a kan itace. Na ce zan gudu. Ya ce in gudu zuwa ina, kuma in na gudu Mushe zai tafi da matar ba tare da kowa ba, wannan ya fi muni. Ya ciro jakar tokarsa ya rataya mini.

"Iska ka sani?" ya ce.

"Iska na sani. Ba a kusantar barewa sai da ita."

"To riƙe ta. In akwai ɗa, kada ka shiga tsakaninsa da uwa. In ta buɗe kunne tana ihu, tsoratarwa take. Wadda ta yi shiru ta naɗe hanci, ita ce mai zuwa. Kada ka gudu a gabanta, ka yi gefe, ka nemi gangare."

Washegari da sassafe muka fita mu huɗu, ni da Mushe da Madam da Sale ɗauke da ƙafafun akwati. Masu dako suka ce su ba za su ba. A kwana taran nan na ɗan koyi wani abu, na sami kashi mai ɗumi, na bi karyayyun rassa. Ciyawa ta fi mutum a kan doki tsawo. Da hantsi muka fito wani fili, ga busasshiyar ƙorama mai zurfi a hannun dama, ga giwa biyar a ƙarƙashin itatuwa, ba su fi jifan dutse ba. Ina jin ƙugin cikinsu. Na zuba toka, ta dawo fuskata. Iska tana tare da mu.

Madam ta kafa akwati, ta lulluɓe kanta da baƙin ƙyalle kamar yadda take yi. Mushe ya hau wani suri can gefe da madubin hangensa. Ni ina tsaye ina zuba toka kaɗan kaɗan, idona a kan babbar cikinsu.

Sai na ji wani ɗan kuka siriri a bayanmu, cikin ciyawar da muka fito. Ɗa ne. Mun wuce shi yana kwance ban gan shi ba. A daidai lokacin na ji sanyi a ƙeyata, na saki toka, ta tafi gaba, wajen giwayen.

Babbar ta ɗaga hanci sama. Ta sauke. Ba ta yi ihu ba.

Na ce, "Sale, ce mata mu tafi!" Na waiga, babu Sale, ciyawa kawai ke motsi.

A zamanin nan baƙin mutum ba ya taɓa matar Bature, ko hannu ne. Na san haka sarai. Na cafki Madam ta kugu da ƙyallen a kanta, na yi dama da ita, muka faɗa ƙoramar tare. Muka gangara har ƙasa, na ja ta ƙarƙashin saiwar wata bishiya da ruwa ya zaizaye. A samanmu na ji akwatin ya fashe kamar busasshiyar ƙwarya. Ƙasa tana rawa, tana zubo mana a kai, warin dabbar ya cika wurin. Sai yanzu ta yi ihu, ihun da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Na toshe bakin Madam da tafina, ni ma na riƙe numfashi. Ban san tsawon lokacin ba. Can muka ji ɗan yana kuka kusa da uwar, muka ji rassa suna karyewa suna nisa, sai tsuntsaye suka dawo da kukansu.

Madam ta cire ƙyallen. Goshinta ya tsage, jini ya rufe mata ido ɗaya, rigarta ta yage a kafaɗa, hannunta na hagu ya karye a wuyan hannu. Haka Mushe ya diro ya same mu, ina riƙe da ita. Bai tambayi komai ba. Ya naushe ni a baki, na faɗi, ya ƙara mini da takalmi. Madam tana magana, ba ya ji. Da muka isa zango ya sa masu dako suka ɗaure mini hannu ta baya. Sale ya ɓullo da azahar, jiki duk ƙaya, ya tsaya yana yi wa Mushe bayani. Ban san abin da ya ce ba, amma na ga yana nuna ni.

Kwana biyu muka yi kafin bariki, ana ɗauke da Madam da Yakota a amuku, ragar da ake ratayawa a sanda, ni ina biye a ɗaure. A hanyar nan na riga na sallama. Na ce a raina in gidan kaso ne, shi ke nan, in aikin hanya ne, shi ke nan. Abin da ya fi cina shi ne Zara ba za ta taɓa sanin inda na ƙare ba.

Baturen dajin ya zauna a barandarsa, aka gurfanar da ni. Sale ya matso zai yi tafinta. Na ce da ƙarfi, da Larabcina mai gutsure, "Ba ta bakin wannan ba." Akwai wani sarjan na gardawa mai jin Larabci da Faransanci, aka kira shi. Inda na kasa, Yakota ya cika mini daga inda yake zaune. Na faɗi komai tun daga Lami. Na ce na sani na yi shiru don tsoro. Na ce ni na wuce ɗan giwar ban gan shi ba, da tsohon nan ne a gaba da haka ba ta faru ba. Na ce na taɓa matar, kuma ban ga wata hanya ba.

Mushe ya miƙe yana faɗa, fuskarsa ja wur. Sai Madam ta ɗaga hannunta mai lafiya, ya yi shiru. Tun da muka bar Gure ban ji ta yi magana mai tsawon ta ranar ba. Tana yi tana nuna ni, tana nuna Sale, har ta nuna ƙirjinta. Da ta gama, sarjan ya juyo gare ni.

"Ta ce ranar da ka zo gaban tanti ta gane abin da kake faɗa, ko da ba ta jin harshenka. Ta yi shiru don tana son hoton. Ta ce in za a hukunta mai shiru, a fara da ita. Ta kuma ce da ba ka ɗauke ta ba, da abin da ya sami akwatin shi zai same ta."

Baturen dajin ya yi rubutu, ya yi wa Mushe magana a taƙaice, ya yi wa wani gardi alama. Gardin ya zo da wuƙa ya yanke igiyar. Na zauna a ƙasa ina kallon shatin igiya a hannuna, hawaye yana zuba, ni da na yi shekara talatin ban yi kuka a gaban maza ba. Yakota ya miƙo mini goran ruwa. Yana dariya ƙasa ƙasa.

"Yanzu ka san ta," ya ce.

Mushe bai ba ni haƙuri ba, ban kuma jira ba. Amma da aka buɗe ɗakin makamai, shi da hannunsa ya miƙo mini bakana. Sannan ya ce Sale ba zai shiga motarsa ba, nan zai zauna. Sale ya durƙusa yana roƙo da Faransanci, ba wanda ya dube shi. Bakina yana kumbure, haƙorina ɗaya yana girgiɗi, kuma duk ta dalilinsa. Na so in juya baya. Sai tsohuwar Ndele ta faɗo mini a rai, da 'yan layukan geronta a bayan bukka. Na roƙi sarjan ya gaya wa Madam, ko Lami ne a kai shi, can akwai masu jin harshensa. Ta yi magana da mijinta, ya ɗaga kafaɗa. Sale ya hau bayan mota ya takure a lungu, har muka kai Lami bai haɗa ido da ni ba. Na bar wa Yakota wuƙata ta fiɗa, ita ce abu mafi kyau da na mallaka.

A Lami Nasara suka ba ni takardata da haƙƙina, suka bi wata hanya zuwa ƙasarsu. Madam ta miƙo mini hannu a gaban mutane, na rasa yadda zan yi, na taɓa shi da yatsa biyu. Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya kayar da ni a zauren wani mai masauki. Wata guda ban san inda kaina yake ba. Duk lokacin da na buɗe ido, Sale nake gani, yana ba ni kunu, yana juya ni, yana wanke mini tufafi. Ba mu taɓa tayar da maganar dajin ba. Da na warke ya sami aiki a gidan wani Bature a nan Lami. Ya raka ni bakin kogi ya ce, "Habu, ka yafe mini." Na ce, "Na yafe, kai ma ka yafe." Ban sake ganinsa ba.

Na bi ayarin wasu Mangawa da suka sayar da kanwa za su gida. Da ƙafa muka yi ta, zango bayan zango. A ƙauyen su Ya Fanna kusa da Maine na tsaya na yi cigiyar danginta, na sami ɗan wanta, dattijo ne ma, ya yi ta salati, don su tuntuni sun yi mata sadakar mutuwa. Ya ce in Allah ya kai su kaka zai tura mutum.

Wata biyun da Sale ya ce ya zama wata bakwai. Ruwan shuka ya same ni a Gure, na kwana a kasuwa, da asuba na kama hanyar ƙauyenmu. Ban shiga gida ba, don na san ranar irin wannan ba kowa a gida. Na zarce gona. Ƙanena yana gaba da sungumi yana sara, Zara tana binsa da ƙoƙon iri tana zubawa tana rufewa da ƙafa. Ƙanena ne ya fara ganina, ya yar da sungumin ya sheƙo yana kabbara. Ita ta tsaya inda take, ƙoƙon a hannu, tana kallona har na iso.

"Sannu da aiki," na ce.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata. "Ka rame."

"Na rame."

Ta juya kai gefe ta goge ido da bayan hannu, sannan ta ce, "Ƙasar za ta sha iska in muka tsaya."

Na ajiye baka da kwari a gindin kalgo, na ɗauki sungumin, na shiga gaba, ta biyo ni da iri.